Kwana a Birnin Konni: Inda matafiyi ya sauka ne ke raba shi da asara

Duk lokacin da damina ta ƙarato ko Sallah ta matso, tashoshin motar Birnin Konni kan cika da 'yan ci-rani masu komawa gida. Wasu daga Abidjan ko Accra suka taso suka biyo ta Yamai, wasu kuma daga Legas da Kano suka ɓullo ta Sakkwato. Da yawansu ba 'yan garin ba ne. Ƙauyukansu na can cikin gundumomin Malbaza da Illela da sauran sassan Adar, kuma motar da za ta ƙarasa da su ba ta tashi sai da safe. Ke nan dole su kwana a Konni, da gumin shekara ɗaya ko biyu a jikinsu.

Idan ana maganar tsaron matafiya a wannan yanki, hankali kan tafi ga 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane. Barazanar gaskiya ce. Sai dai akwai wani giɓi da ba a cika tattaunawa a kansa ba, wato 'yan sa'o'in da ke tsakanin saukar mutum daga mota da lokacin da zai sa haƙarƙarinsa a ƙasa. A nan ne baƙo ya fi rauni: ya gaji, duhu ya yi, bai san gari ba, kuma kowa ya ga jakarsa.

Mahaɗar hanyoyi, da Illela biyu

Konni, wadda ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutum sama da dubu 60, tana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, kimanin kilomita 420 gabas da Yamai. Hanyar ce ke wucewa Madawa da Maraɗi da Damagaram. A Tsarnawa, gaba kaɗan da garin, hanyar Tahoua da Agadas ke rabuwa ta yi arewa. Ta kudu kuwa iyakar Najeriya ce, tafiyar 'yan mintoci, daga nan sai Sakkwato mai nisan kusan kilomita 90.

Wannan matsayi shi ne arzikin garin, shi ne kuma tushen ruɗanin baƙo. Misali mafi sauƙi shi ne sunan Illela. Akwai Illela ta Najeriya, a jihar Sakkwato, wadda ke manne da iyaka kuma kasuwarta ke ci ranar Lahadi. Akwai kuma Illela ta Nijar, hedikwatar gunduma a jihar Tahoua, wadda ke arewa. Wanda ya sauka da dare ya ce wa ɗan kabu-kabu “kai ni motar Illela” ba tare da ƙarin bayani ba, yana iya tsintar kansa a bakin iyaka alhali gida ya nufa.

Abin da rufe iyaka ya bari

Sau biyu cikin shekara biyar aka rufe wannan iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, kuma sai a Disambar 2020 ta buɗe huɗu daga cikinsu, har da ta Illela. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin ECOWAS ya sake garƙame ta, har zuwa watan Maris na 2024 da ɓangarorin biyu suka buɗe.

Rufewar ba ta hana zirga-zirga ba, ta dai karkatar da ita cikin daji. Masu babura suka ƙware a ɓarauniyar hanya, fasinjoji suka saba da biyan kuɗi a zagaya da su. Ƙofa ta buɗe, amma sana'ar ba ta mutu ba, domin har yanzu akwai masu kaya da masu ƙarancin takardu da ke gudun shingen jami'ai. Shi ya sa baƙon da ya iso Konni da yamma zai iya samun mai yi masa tayin tsallakar da shi a daren nan, “ba sai ka kwana ba”.

Wannan tayi ya fi na da haɗari. A ƙarshen Oktoban 2020 'yan bindiga suka ɗauke wani Ba'amurke a ƙauyen Masallata, dab da Konni, suka tsallaka da shi Najeriya, inda dakarun Amurka na musamman suka kuɓutar da shi ranar 31 ga watan. A Nuwamban 2024 rundunar tsaron Najeriya ta fito fili ta yi magana kan Lakurawa, waɗanda ke kai-komo a ƙananan hukumomin Tangaza da Gudu na jihar Sakkwato, a kan iyakar Nijar, kuma a Janairun 2025 wata babbar kotun tarayya ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda. Wanda ya hau babur cikin duhu ya bar kwalta, ya fita daga idon jami'an ƙasashen biyu a yankin da masu makamai suka san kowane lungu.

Batun takardu ma ya sauya. Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, kuma a cikin watan ne gwamnati ta fitar da sabuwar doka da ta tsaurara sharuɗɗan shiga da zaman baƙi, ciki har da wajabta wa mai saukar da baƙo ɗan wata ƙasa ya sanar da 'yan sanda. A yankin da ƙabila ɗaya ce, harshe ɗaya, ana auratayya tsakanin Konni da Illela da Gwadabawa, mutane da dama ba sa kallon ɗan uwansu na tsallake a matsayin baƙo. Doka kuwa takarda take dubawa, ba dangantaka ba.

Tasha ba ɗaya ba ce

Wanda ya saba da birnin da ke da babbar tasha guda zai yi mamakin Konni. Kamfanonin manyan motoci irin su Rimbo da STM da Al Izza kowanne da tasharsa, da wurin sayen tikiti, da masu auna kaya. Ƙananan motocin da ke shiga ƙauyuka suna lodi a tashar gari, ƙarƙashin ƙungiyoyin direbobi da 'yan kamasho. Masu zuwa bakin iyaka kuma nasu wurin daban. Sauya mota a Konni, saboda haka, yana nufin ratsa gari da kaya, kuma wannan ratsawar ce matakin da ya fi buƙatar natsuwa.

Ɗan kamasho ba abokin gaba ba ne. Aikinsa cika mota ne, ladansa kuma a kan kowane kai yake. Wanda ke aiki a cikin tasha yana da shugaban da za a kai ƙararsa. Wanda ya tare fasinja a bakin titi ya fizge jaka yana cewa “zo, saura mutum ɗaya”, babu wanda zai amsa laifinsa. Haka abin yake ga 'yan kabu-kabu: wanda ke da mazauni a ƙofar tasha, abokan sana'arsa sun san shi da babur ɗinsa.

Sai kuma canji. Konni gari ne na kuɗi biyu, naira da sefa, kuma lissafin sefa da Hausa yana da tarkonsa. Dala ɗaya sefa 5 ce, don haka “ɗari” a bakin mai shayi na nufin sefa 500, jika ɗaya kuma sefa 1,000. Ɗan Najeriya da bai san wannan ba, ko matashin da ya girma a waje, yana iya yin ciniki a kan wani adadi ya biya wani. Ƙirga damin kuɗi a gaban ɗan canji a bakin tasha kuwa sanarwa ce ga duk mai kallo. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana sun rage wannan matsala ƙwarai: mutum na iya tura kuɗinsa gaba, ya karɓa a garin da ya fi kusa da gida, ya riƙe na mota da na abinci kawai.

Darasin fatoma

A zamanin fatauci, baƙo ba ya sauka a gari haka kawai. Zango yake nufa, wurin fatoma ko mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Ƙarfin tsarin shi ne sunan mai gida: idan kayan baƙo suka ɓata a hannunsa, fatake sun daina sauka wurinsa.

Ma'aunin bai canza ba. Tambayar da ta fi farashin ɗaki muhimmanci ita ce, wa zai amsa idan wani abu ya faru? Da ita za a iya auna wuraren kwana huɗu da ke gaban matafiyi a Konni.

Na farko shi ne harabar kamfanin mota. A Nijar al'ada ce mai tikiti ya kwana a tashar kamfani, a kan tabarma ko katifa, domin motocin nesa da asuba suke tashi. Babu sirri, akwai hayaniya da sauro, amma akwai ƙofa da mai gadi, kuma mutum ba zai ratsa gari da ƙarfe huɗu na dare ba. Ga mai wucewa kawai, da wuya a samu zaɓin da ya fi wannan. Abin kula shi ne waya da takardu su kwana a jiki, manyan kaya kuma a miƙa su a karɓi shaida.

Na biyu otal ne mai rajista, inda ake karɓar katin ɗan ƙasa ko fasfo a cika takardar baƙi. Wasu matasa na ganin wannan takarda takura ce. A zahiri ita ce shaidar cewa mutum ya kwana a wurin. Masaukin da bai tambayi sunan kowa ba, bai san waɗanda ke ɗakin kusa ba. Kafin biya, ya kamata a duba sakatar ƙofa daga ciki, da gidan sauro musamman daga Agusta zuwa Oktoba, da kuma ko ana tara jarkokin man ruwa-ruwa a kusa, domin gobara ma barazana ce.

Na uku gidan dangi ko na ɗan gari ne, wanda ya fi kowanne kusa da tsarin fatoma, muddin an yi waya tun da rana kuma wani ya zo tasha ya tarbi baƙon. Ga mata masu tafiya su kaɗai ko da yara, wannan ko ɓangaren mata na tashar kamfani ya fi kwanciyar hankali.

Na huɗu shi ne ɗakin da wani da aka haɗu da shi a mota ko a bakin tasha ya yi tayi. Yana iya zama mutumin kirki, domin karamci ba baƙon abu ba ne a Konni. Amma shi kaɗai ne zaɓin da babu wani na uku da ya san inda matafiyi yake. Araha, in ji masu iya magana, ba ta ado.

Ƙarasa tafiya da dare

Masu zuwa Malbaza da Galmi kan ji kamar sun riga sun iso, su ƙi kwana. Sai dai wannan yanki na hanyar shi ne na manyan motocin siminti daga masana'antar Malbaza da na albasar Galmi, ga amalanken jakuna marasa fitila da dabbobi masu tsallaka titi. Masu zuwa ƙauyukan Illela kuwa, da zarar sun bar kwalta, sai hanyar burji da gulaben da kan kawo ruwa bagatatan da damina. Kuɗin kwana ɗaya bai kai darajar abin da ake jefawa cikin haɗari ba. Mafi alheri ma shi ne tsara tafiyar tun daga tushe yadda za a iso Konni da sauran rana, a kuma tuna cewa ranar Laraba, da kasuwar garin ke ci, cunkoso ya fi yawa.

Nauyin da ke kan hukumomi

Ba duka nauyin ne ke kan matafiyi ba. Hukumomin gari da ƙungiyoyin direbobi na da matakai masu sauƙin kuɗi a hannunsu: fitilu masu aiki da hasken rana tsakanin tashoshi, riguna masu lamba ga 'yan kabu-kabu da 'yan kamasho, allon farashi da sunayen garuruwa a rubuce yadda za a bambance Illela da Illela, da jerin masaukai masu rajista a manne a kowace tasha tare da lambar 'yan sanda, 17, da ta 'yan kwana-kwana, 18.

Garin da ke cin abinci daga masu wucewa yana da riba a cikin amincinsu. Ɗan ci-ranin da aka yi wa sata a tasha zai ba da labari a Abidjan da Legas, kuma na bayansa za su nemi motar da ba ta tsayawa. Kafin a kai ga waɗannan gyare-gyare, abin da ya rage wa mai tafiya shi ne ya iso da rana, ya tura kuɗinsa gaba, ya kwana inda aka rubuta sunansa, sannan ya kira gida ya faɗi inda ya sauka.