Ba A Cinikin Biri A Sama

Jama'a, in talakan Tsamaye ya kai akuya kasuwar Sabon Birni ko Isa, ya san dillalinsa har gidan ubansa. A gaban shaidu ake sallamawa, kowa ya ji la'ada.

To, a 2024 Gwamnati ta sayo wa Shugaban Ƙasa jirgin sama Airbus A330. A 2025 ta miƙa tsohon Boeing 737, wanda aka saya a 2005, ga dillalan ƙetare. Wa ya zaɓe su? Nawa aka yi wa jirgin kuɗi? Nawa ne la'adarsu?

Da dukiyar talakawa aka saye shi, mu ne masu kaya. Mai kaya kuwa shi ke sallamawa, ba dillali ba. A buga mana lissafi a jarida, kwabo-kwabo!