Lafiya Uwar Jiki: Haƙoran da Aka Dasa

A wannan wata za mu yi magana a kan haƙoran roba irin waɗanda ake kafawa a baki, ba waɗanda ake cirewa da dare ba. Likita yakan dasa ƙusoshi huɗu ko shida na ƙarfen titaniyam cikin ƙashin muƙamuƙi. Idan ƙashin ya kama su, sai a ɗaure jerin haƙoran a kansu. Wani likita ɗan Suwidin, Branemark, shi ya fara yi wa mutum irin wannan dashe a 1965.

Waɗansu sukan ce, "Ai haƙorin roba ba ya ruɓewa, ina ruwana da buroshi?" Gaskiya ne, amma dasashi da ƙashi masu rai ne. Ragowar abinci takan maƙale a ƙarƙashin haƙoran, dasashi ya kumbura, ƙashi ya riƙa zaizayewa, sau da yawa ba tare da zafi ba, har ƙusa ta soma girgiɗi. Ga hasarar kuɗi, ga ta ƙashi.

Saboda haka ku goge su safe da dare da buroshi mai laushi, ku zura zaren sakace ta ƙarƙashinsu. A bar fasa ƙashi da buɗe kwalba da baki. Taba da ciwon sukari da ba a kula da shi ba sukan tsananta cutar.

Kada kowa ya gwada ɓamɓare su a gida. Likitan haƙori ne kaɗai yake kwance su, ya wanke, ya mayar. Ku je wurinsa kowane wata shida. In kun ga jini ko kun ji wari, kada ku jira.