FILIN MATAFIYA: Tikitin jirgin ƙasa tsakanin Makka da Madina

A tashar Maraɗi ko ta Tawa, mota ce ke jiran mutane. Sai ta cika take tashi. Wanda ya makara ma, yaron mota yakan tsai da direba saboda shi. Amma manomi ko makiyayin da ya sai da sa ko buhunan wake ya tafi umara, zai iske wani tsari dabam a ƙasar Saudiya. Can jirgin ƙasa ba ya jiran kowa, ko sarki ne.

Sunan jirgin Haramaini. Ya fara ɗaukar mutane a watan Oktoba na 2018. Tsawon hanyarsa kilomita 450 ne, gudunsa yana kai kilomita 300 a awa guda. Daga Makka zuwa Madina wajen awa 2 da rabi ne. Mota kuwa takan ci awa 5 ko fiye.

Ana sayen tikiti a tashar jirgin, ko ta wayar salula a shafin intanet na jirgin. Saye ta waya sai da katin banki. Wanda ba shi da kati, sai ya nemi jagoran tafiyarsu ya saya masa, ko ya je tasha da kansa. Kuɗin ba ɗaya ba ne kullum, yana hawa yana sauka. Cikin watan azumi kujeru suna ƙarewa da wuri, saboda haka gara a saya tun da sauran kwanaki.

Tikitin ba na kowa da kowa ba ne. Na mutum guda ne, da sunansa da lambar fasfonsa. Ba a ara, ba a sayar wa wani. In wani ya tare matafiyi a bakin hanya da tikiti mai araha, to ba sunan matafiyin ke jiki ba.

A nan ne karatun yaƙi da jahilci ke yin rana. Wanda ya iya karatu, ko kaɗan ne, ya karɓi tikitin ya duba da idonsa. Ya ɗora shi kusa da fasfo, ya bi baƙaƙen sunansa ɗaya bayan ɗaya, ya bi lambar. Sannan ya duba rana da lokaci. In an rubuta 14:30, ƙarfe 2 da rabi na rana ke nan. Agogon Saudiya yana gaba da na Nijar da awa 2. Wanda ya bar agogonsa a kan lokacin Yamai, zai zo tasha ya tarar jirgi ya daɗe da tafiya, sai ya sake neman wani tikiti.

Sunan tasha ma abin dubawa ne. Jidda tana da tasha 2: ta Sulaimaniya a cikin gari, da ta filin jirgin sama. Tashar Makka tana unguwar Rusaifa, ba a bakin Harami ba. Ta Madina ma da 'yar tazara daga masallacin Annabi. A ware kuɗin taksi, a fito masauki da wuri, don ana binciken kaya, kuma ana rufe ƙofa kafin jirgi ya tashi. A cikin jirgi kowa da lambar tarago da lambar kujerarsa.

Kaya kuwa, babban akwati guda da bai wuce kilo 25 ba, da ƙaramar jakar hannu. Mai tsarabar dabino da darduma buhu-buhu, mota ta fi masa.

Akwai abin da ya fi kaya nauyi. Mai fitowa daga Madina da niyyar umara, mikatinsa Zul Hulaifa ne, kusa da Madina. Jirgi ba ya tsayawa a wurin. Sai mutum ya yi wanka ya ɗaura harami tun a masauki, ya shiga jirgi a shirye. Jim kaɗan bayan tashi za a kai mikati, kada ya bari a wuce bai yi niyya ba.

Wannan jirgi dabam yake da na Mina da Arfa da Muzdalifa, wanda aka buɗe a 2010. Shi wancan a kwanakin aikin hajji kawai yake aiki, kuma masu kula da alhazai ne ke tsara shigarsa.