Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnonin Jihohin Shari'a

Masu girma gwamnoni,

Ku tuna cewa da Alƙur'ani kuka yi rantsuwar kama mulki. Shari'ar da Zamfara ta ƙaddamar a 1999, jihohi 11 suka bi sahu, ta ɗora wa shugaba tsare addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Allah ne ya ba talaka waɗannan haƙƙoƙi, ku kuwa amanarsu aka damƙa muku.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙi kan harajin zalunci. Yau 'yan bindiga ke karɓar haraji kafin manomi ya shiga gonarsa.

Ku ji tsoron Allah, ku tsare rayukan talakawa. Za a tambaye ku gobe ƙiyama.

Wassalam.