Infinix XPAD za ta iya da Samsung da iPad a kasuwarmu? Zare 🧵

1/ Tun da Infinix suka fitar da kwamfutar hannunsu ta farko, XPAD, a 2024, mutum uku suka tambaye ni ko su saya. Biyu 'yan ajinmu, ɗaya ƙanwar abokina da ta samu gurbin karatun lauya. Na gaji da amsa ɗaya bayan ɗaya, bari in zuba ra'ayina a nan gaba ɗaya. Ku gyara zama.

2/ Ra'ayina a taƙaice: tab ɗin za ta sayu, amma ba za ta yi wa kasuwa irin abin da Tecno ya yi wa kasuwar waya ba. Dalili kuwa, manyan abokan gogayyarta ba su ne waɗanda ake jera ta da su a bidiyon YouTube ba. Zan zo kansu. Mu fara da abin da ke cikin kwalin.

3/ Sikirin inci 11, batir 7000mAh, caji 18W, sifika huɗu, injin Helio G99, Android 14. Akwai mai ɗaukar layi, wato 4G. Ba laifi wallahi. Don karanta handaut, kallon lakca da fim mai dogon zango, ta wadatar. Ba ta zo da alƙalamin rubutu a kwali ba, ku riƙe wannan.

4/ Sa'o'inta a kasuwa su ne Samsung Galaxy Tab A9+ da Redmi Pad SE, duka sun fito a 2023, duka inci 11. Batirin Samsung 7040mAh, na Redmi 8000mAh amma cajinsa 10W ne kuma mai inci 11 ɗin ba ta ɗaukar layi. Wato a takarda su ukun kusan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

5/ To idan kaya sun yi kama haka, lambobin jikin kwali ba sa raba gardama. Abin da ke rabawa shi ne: wa mai shago zai miƙo maka idan ka ce "ba ni tab mai kyau mai sauƙi", kuma wa zai gyara maka ranar da ta faɗi a ƙasa. A nan Infinix ke da ƙarfi sosai.

6/ Infinix, Tecno da itel duk kamfani ɗaya ne, Transsion na China. Kusan rabin wayoyin zamani da ake sayarwa a Afirka nasu ne. Ba da tsafi suka kai nan ba. Layi biyu, batir mai jimawa, kyamarar da ke fito da baƙar fata da kyau, Hausa a cikin waya, ga Carlcare don gyara.

7/ Ka shiga Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja ka ƙirga allunan talla. Dillalan da ke kai Hot da Spark har ƙananan hukumomi su ne za su kai XPAD. Wannan hanya ta riga ta shimfiɗu, ba sai sun nemi amincewar kowa daga farko ba. Sabon kamfani zai yi shekaru bai samu haka ba.

8/ Amma fa suna kaɗai ba ya sayar da tab. Tarihin wannan kasuwa cike yake da manyan kamfanonin da suka shigo da ƙarfinsu suka fita da kunya. Bari in ba ku misali uku, don mu san irin ramin da ake faɗawa.

9/ HP TouchPad, 2011. Sun sa mata dala 499, daidai da iPad. Mutane suka ce in dai kuɗin ɗaya ne, me zai hana mu sayi iPad ɗin? Kwana 49 kacal HP suka janye ta. Da suka karya farashin zuwa dala 99 don su rabu da kaya, sai ga layi a shaguna. Ashe kuɗin ne matsalar.

10/ BlackBerry PlayBook, ita ma 2011. Kamfanin da duniya ta sani da imel ya fitar da tab da ba ta da manhajar imel ta kanta, sai ka haɗa ta da wayarka ta BlackBerry 😭 Ƙarshen shekarar suka rubuta asarar dala miliyan 485 a kan waɗanda suka kwanta musu.

11/ Microsoft Surface RT, 2012. Kamar Windows, amma ba ta ɗaukar manhajojin Windows da mutane suka saba da su. A 2013 suka rubuta asarar dala miliyan 900. Microsoft fa guda. In da kuɗin talla ne ke sa kaya ya karɓu, da ba su ga haka ba.

12/ Wadda ta tsira a lokacin ita ce Kindle Fire ta Amazon. Dala 199, ƙasa da rabin kuɗin iPad, kuma an san aikinta: karatu da kallo. Ba ta ce ita iPad ce ba. Darasin dai shi ne, sabuwar tab tana rayuwa idan ta fi arha nesa ba kusa ba, kuma mai saye ya san me zai yi da ita.

13/ A wannan ma'aunin Infinix sun ci jarabawar farko. Ba su tunkari sabuwar iPad ba, wadda mafi arharta a 2024 dala 349 ce a Amurka kafin ta iso nan a ɗora mata kuɗin jirgi da na kwastam da ribar ɗan kasuwa. Sun tsaya inda aljihunmu yake. Madalla.

14/ Yanzu ga inda nake da shakka. Abokin gogayya na farko: wayar da ke hannunka yanzu haka. Wayoyin Infinix ɗin kansu sikirinsu ya haura inci 6 da rabi. Da ita kake karanta PDF, da ita kake kallo, da ita kake tura kuɗi. Tab ba ta zo da wani aikin da wayar ta gaza gaba ɗaya ba.

15/ Lokacin da Tecno ya shigo, mutane na buƙatar waya dole, tambayar kawai wacce. Tab kuwa na'ura ta biyu ce. Sai ka ci ka ƙoshi, ka biya kuɗin makaranta, ka sa data, sannan ka tuna da ita. A lokacin da dala ta tashi daga wajen ₦460 ta haura ₦1,500, mutum nawa ne ke da rarar nan?

16/ Kuma ba yau Transsion suka fara gwadawa ba. Wa ya tuna Tecno DroiPad? Shekaru kusan goma da suka wuce ana ganinta a hannun mutane, wasu har kara ta suke a kunne suna amsa kira 😂 Da wayoyi suka ƙara girma sai ta ɓace a hankali. Hanyar rabon kayan tana nan lokacin ma, ba ta hana ba.

17/ Abokin gogayya na biyu: laftof ta hannu. Ɗalibin da ya tara kuɗi da ƙyar, zaɓinsa na gaskiya shi ne sabuwar tab ko tsohuwar HP ko Dell. Kuma in ka kai aji huɗu, furojet zai tambaye ka Word na gaske, SPSS, wani AutoCAD, wani rubuta manhaja. Tab ba za ta fitar da kai a nan ba.

18/ Na ga wanda ya yi ƙoƙarin shirya babi na biyu na furojet a tab. Rubutun ya tafi lafiya, amma da aka zo jera shafuka da tebur da jerin manazarta yadda malami yake so, ƙarshe shagon buga takardu ya koma ya biya. Kuɗin da ya yi tunanin ya tsira da su, can suka tafi.

19/ Sai dai in yi adalci, tab na da makami ɗaya babba a kan laftof: wuta. Kun tuna duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024, sama da mako guda? Masu tsohuwar laftof mai batirin awa ɗaya sun zama 'yan kallo. Mai tab kuwa fawa bank ko ƙaramin sola ya ishe shi ya ci gaba da karatu.

20/ Abokin gogayya na uku, wanda na fi jin tsoro a madadin Infinix: iPad ta hannu, wadda 'yan kasuwa ke ce wa Landan yus. Da tsohuwar zuma ake magani. iPad Air 2 ta fito a 2014, ta ci gaba da samun sabon tsarin Apple har na 2021. iPad ta 2019 ta samu na 2024.

21/ Ka kwatanta da wayoyin Android masu arha da muka saba riƙewa. Sau nawa taka ta samu sabon Android tun da ka saye ta? Waya dai bayan shekara biyu ka canza. Tab kuwa ana saye ne don a daɗe, daga aji ɗaya har bautar ƙasa, sannan a miƙa wa ƙani. Rashin sabuntawa ya fi ciwo a nan.

22/ Ga maganar sayarwa. Mu fa ba ma sayen na'ura sai mun yi lissafin ranar da za mu rabu da ita. Ka kai iPad kasuwa, kafin ka zauna an yi maka tayi. Ka kai tab ɗin Android mai arha bayan shekara ɗaya ka ji abin da za a ce maka. Ɗalibi ya san ranar da aljihu zai bushe tana zuwa.

23/ Ga kuma alƙalami. Duk iPad ta talakawa tun daga ta 2018 tana aiki da Apple Pencil. Samsung na da Tab S6 Lite da ke zuwa da S Pen a kwali. Masu karatun likita da injiniya da ke son rubutu a kan silaid, wannan ne ainihin abin da ke kai su sayen tab. Nan XPAD ba ta shiga zancen ba.

24/ Amma iPad ta hannu ma tana da nata. Za ka iya faɗawa kan mai makullin iCloud, ka dawo gida da faranti mai tsada. Batirin ya sha jiki, babu garanti, gyaran sikirin ya kusa kuɗin wata. Mai ɗaukar layi ta fi tsada. Kuma har zuwa 2024 WhatsApp bai sa manhajar iPad a App Store ba.

25/ Kar ku raina maganar WhatsApp da layi. Handaut a guruf ɗin aji ake turo shi. Canjin ɗakin lakca a nan ake sanarwa. Hostel ɗinmu ba wayfai, in ka dogara da hotspot wayarka ce za ta mutu kafin azahar. Tab da za ka sa wa layinta ka buɗe WhatsApp kai tsaye ta fahimci rayuwarmu.

26/ Don haka ga hasashena. XPAD za ta fi Redmi Pad SE tafiya a garuruwanmu saboda layi da wurin gyara. Za ta ɗan ciji Samsung a ɓangaren masu arha, duk da sunan Samsung na da nauyi wurin iyaye. Masu son iPad kuwa ko kallonta ba za su yi ba, dama ba don su aka yi ta ba.

27/ Masu sayenta na gaskiya: uban da ya gaji da yara suna ƙwace masa waya. Malamin Islamiyya mai tarin littattafai a PDF da idonsa ya gaji da ƙaramin rubutu. Mai shago da ke rubuta ciniki. Ɗan sakandare mai atisayen JAMB. Hajiya mai kallon fim da daddare. Kasuwa ce, amma ba irin ta waya ba.

28/ Abin da zai yanke hukunci ba zai bayyana a bana ba. Sai nan da shekara ɗaya, ranar da sikirin ɗin wani ya fashe. Wani ɗan ɗakinmu ya taɓa sayen wata tab mai arha, ta faɗo daga kan gado, ya zaga kasuwa kaf ba a samu gilashinta ba. Har yau tana cikin akwatinsa.

29/ In masu gyara suka cika da sikirin da batirin XPAD a farashin da mutum zai iya, kuma Infinix suka riƙa turo sabuntawa, ta zauna, ta biyu ma za ta fi ta sayuwa. In suka sake ta suka koma kan sabuwar waya kamar yadda ake fitar da su duk bayan 'yan watanni, labarin DroiPad zai maimaita kansa.

30/ Amsar da na ba mutum ukun nan: in ba ka da laftof kuma kwas ɗinka zai buƙace ta, fara da laftof. In kana da ita, karatun PDF ne ya dame ka, XPAD mai layi ta isa. In rubutu da alƙalami kake so, ƙara haƙuri ka ƙara tari. Ƙanwar abokina mai karatun lauya ita kaɗai na ce ta saya.

31/ Kafin ka biya, tambayi mai gyara, ba mai sayarwa ba: "Nawa ne sikirin ɗin wannan, kuma akwai shi a ƙasa?" Amsarsa ta fi duk bidiyon buɗe kwali da za ka kalla.

32/ Masu riƙe da ita, ku faɗa mana gaskiya a ƙasa: awa nawa batirin ke yi muku da data a kunne, kuma kun samu sabuntawa tun da kuka saya? In na yi kuskure a wani wuri ku gyara min, ba kamfanin da ya biya ni ko sisi 😅