Zangon Karatu Ɗaya a Maraɗi

Duk sa'ad da aka ce ɗalibi zai tafi karatu ƙasar waje, abin da ke faɗo wa mutanenmu a rai shi ne jirgin sama da rigar sanyi da hoto a gaban wani dogon gini a Ingila. Shi ya sa ake ɗaukar maganar ta 'ya'yan manya ce. Yaron Zakka da ya samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wanda sai mahaifinsa ya sayar da gero kafin a biya kuɗin rajista, ko a mafarki bai sa kansa a wannan sahu ba. Ni kuwa ina ganin ya cancanta, kuma ƙasar wajen da ta fi dacewa da shi tana nan bayan Jibiya.

Tsarin da nake nufi Turawa sun daɗe da shi. Tun 1987 suka kafa shirin Erasmus, inda ɗalibi kan bar jami'arsa na zango ɗaya ko biyu, ya zauna aji a wata ƙasa, ya rubuta jarrabawa a can, ya dawo a lissafa masa abin da ya ci kamar a gida ya yi shi. Mu abin da gwamnatocinmu suka saba shi ne a zaɓi ɗalibai ƙalilan a tura su Sudan ko Masar su yi shekara biyar ko shida. Yana da amfaninsa, amma tsadarsa ta sa kaɗan ke samu, kuma mun ga yadda yaƙin Sudan na Afrilun 2023 ya koro yaranmu gida da karatu a tsakiya.

Maraɗi kuwa tafiyar kusan kilomita 100 ce daga Katsina. Gari ne da sarakunan Haɓe na Katsina suka mayar mazauninsu bayan jihadi, har yau kuma Sarkin Katsinan Maraɗi ake kiran mai sarautarsa. Akwai Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, mai tsangayar aikin gona da muhalli. A nan hujjata take. Tun shekarun 1980 manoman wannan yanki suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani: in an zo sharar gona ba a tumɓuke kututture, sai a zaɓi tsiro mafi ƙarfi a bar shi, a datse sauran, a yi ta renonsa har ya zama itace. Da wannan dabara gawo da kalgo suka dawo gonakin da suka zama fako, har masu bincike suka ƙiyasta filin da ya farfaɗo a kudancin Nijar ya kai hekta miliyan 5. Mu kuma a Safana da Batsari 'yan bindiga sun raba manoma da gonakinsu na gefen dajin Rugu, kowa ya dawo ya matsa wa na bakin gari, ƙasa tana gajiya, itacen girki yana tsada. Ɗalibin gona da ya yi wata huɗu yana bin manoman Madarumfa da Agye zai dawo da abin da mahaifinsa zai gwada a daminar da ke tafe. Wanda ya je ƙasar ƙanƙara zai dawo da labari mai daɗi, amma gero ba ya tsiro a can.

Akwai kuma karatun da ba a allo yake ba. Zai shiga kasuwa a ce masa dala ashirin, ya tsaya yana lissafi kafin ya gane sefa 100 ake nufi. Zai haɗu da 'yan uwansa na Katsina da Zamfara da tashin hankali ya tsallakar da su can tun 2019, ya ga matsalar garinsu da idon maƙwabci.

Cikas ɗin ba ƙarami ba ne. Da Faransanci ake koyarwa, don haka sai an ba yaro horo kafin ya tafi, ko da yake Hausa za ta ɗauke shi a gona da masauki. Iyaka ma ba ta da tabbas: an rufe ta a Agustan 2019 har Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris 2024. Yajin aikin malaman jami'a, irin na 2022 da ya ci wata takwas, kan wargaza kowace kalanda. Hanya kuma sai da addu'a. Amma wanda ya fi damuna shi ne yaro ya dawo a ce ba a san da darussan da ya ci ba, ya maimaita zangon. Ɗan talaka ba shi da rarar wata huɗu.

Wannan na ƙarshe a hannun majalisun jami'o'in yake, ba ya jiran Abuja ko Yamai su shirya. Su zauna su gwada manhajojinsu, su rubuta cewa darasi kaza na can daidai yake da kaza na nan, su sa hannu kafin kowa ya hau mota. A fara da ɗaliban gona ashirin na aji uku, ashirin kuma su zo daga Maraɗi su zauna a gurbinsu a Dutsin-Ma, kowa ya biya kuɗin makaranta a gida. Kuɗin mota da abinci da masauki kuwa, ƙananan hukumomin Safana da Batsari ba za su kasa ɗaukar nauyin yaransu biyu-biyu ba.