Kada mu bari irin tumatirinmu na gado ya ɓace

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Kankia ko Kusada zai tuna tumatirin da ke fitowa a gindin randa ko a garka, mai tsaga-tsaga a jiki, mai ruwa da ɗan tsami. Guda uku sun isa miyar gida. Kakata ba ta taɓa sayen irinsa ba. Idan ya nuna sai ta zaɓi mafi kyau, ta matse 'ya'yan a tsumma, ta shanya a inuwa, ta ƙulle ta soke a rufin ɗaki har shekara ta zagayo.

Yau irin da ke hannun yawancin manoman rani na gwangwani ne ko na leda, kuma da yawansa haɗaɗɗen iri ne. Yana ba da yabanya sosai, amma idan ka ɗebi 'ya'yansa ka sake shukawa, abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba. Dole kowace shekara ka koma shago, farashi kuma yana bin dala. Irin gado ba haka yake ba. Furen tumatir yakan yi wa kansa barbara, don haka abin da ka ajiye shi za ka girba.

Na san abin da manoman kasuwa za su ce, kuma suna da gaskiya. Tumatirin gado yana da laushi, ba zai jure tafiya a kwando daga Katsina zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas ba. Shi ya sa UTC da Roma suka mamaye fadamu. To amma matar da ke shuka gindi goma a tsakar gida ba Legas za ta kai ba. Tazarar da tumatirinta zai yi daga buhu ne zuwa tukunya.

Kuma ba mu manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonaki a Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna, har kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa ya tsayar da aiki saboda rashin kaya. Ba na cewa irin gado ya gagari wannan tsutsa. Sai dai gindi goma ana iya duba su kullum, a tsinke ganyen da ya kamu, a fesa ruwan ganyen darbejiya. Mai eka biyar ba zai iya haka ba.

Aikin ba shi da wuya. A yi reno idan damina ta ɗauke, a dasa bayan mako 3 zuwa 4 a cikin buhu ko tsohon bokiti da aka huda, a haɗa ƙasa da ruɓaɓɓen takin awaki. Hunturu ne lokacinsa, domin zafin bazara yana zubar da fure. Wajen ajiye iri, a bar 'ya'yan cikin ruwansu kwana 2 ko 3, a wanke, a busar a inuwa, a zuba a kwalba da ɗan toka. Abin da ya yi saura kuma a yanka a yi kauɗa.

Kirana ga hukumar KTARDA da malaman gona na ƙananan hukumomin nan biyu shi ne su zaga ƙauyuka su tattara abin da ya rage a hannun tsofaffi, su miƙa wa cibiyar IAR ta Samaru don adanawa. Kafin su motsa, kai mai karatu ka tambayi gwaggo ko inna ko akwai sauran ƙulli a ɗaki. Idan ka samu, ka shuka a bana, ka kuma raba wa maƙwabta. Irin da ke gida ɗaya kaɗai, gara ko ɓera na iya gamawa da shi a dare guda.